Tamfol ɗin da Nong Teryo Ya Rataya da Wuri

A garinmu, idan ɗanka ya ci jarrabawa, murnar cikin ɗaki ba murna ba ce. Sai ka buga fuskarsa a jikin tamfol, ƙatuwa kamar ƙyauren gida, ka rataya a bakin titi, da sunansa da abin da ya zama, a ƙasa kuma a jero sunan uwa da uba da na duk wani kawun da ya taɓa saya masa biro. In ba ka yi ba, mutane za su ce ko dai yaron ya faɗi ko kuma kai marowaci ne, har yau ban san wanne ya fi mana ciwo ba. Shi ya sa muke da injiniya a katangar mai sayar da busasshen kifi, da malamar makaranta a rataye a bishiyar mangwaro, da jami'in jirgin ruwa da farar hularsa yana murmushi a saman kwata. Duk fuskokin nan hannu ɗaya ne ya fitar da su, hannun Eleuterio Gallenero, wanda babu mai wahalar da bakinsa da wannan dogon suna sai Fada a coci. Mu Nong Teryo muka sani. Nong ɗin girmamawa ce ga babban namiji a wurinmu, kamar Nang ga mace.

A aji huɗu ya bar makaranta, shekarar da kwale-kwalen ubansa ya fita kamun kifi teku ta ƙi dawo da shi. Bai fito da komai ba sai hannu mai kyau. Ya fara da rubuta suna a goshin jiragen masunta, ya koma motocin haya da allunan shaguna, har duwatsun kabari ya rubuta. Fenti ya zauna masa a ƙarƙashin farce, ya ƙi fita ko ranar aurensa. Nang Pacing, matarsa, ta sha ba da labarin yadda ya sa mata zobe da shuɗin yatsa. Da injin buga hoto ya shigo tsibirin Panay ya kashe kasuwar masu buroshi, abokan sana'arsa suka watse, wasu gini, wasu gadi. Shi kuwa ya sayar da 'yar gonar kwakwar da ya gada, ya sayo tsohon inji daga birnin Iloilo, ya zauna gaban kwamfuta yana caka mata yatsa ɗaya kamar kaza mai tsintar hatsi, har ta gaji ta saba da shi.

Ya iya aikin, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ka kawo masa hoton ɗanka fuska duk ƙuraje, ido ɗaya a kanne, ka dawo gobe ka tarar da yaron da kai kanka za ka so a ce kai ka haifa. Yakan ce babu mummunan yaro ranar nasara. Shi da kansa yake ɗaukar tsani ya je ya rataya, ya sauko ya ja da baya ya karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, kamar shi ne uban. Bayan shekara, in rana ta koɗar da launin, sai tamfol ya sauko ya shiga wata rayuwar, don mu ba ma zubar da abin da zai tare ruwa. Wani ya zama rufin akurki, wani labulen banɗaki. Na sha ganin lauya kwance a gefen titi ana shanya shinkafa a fuskarsa. Nong Teryo bai taɓa son ganin haka ba, yakan kau da kai ya wuce.

A saman ƙofar shagonsa akwai manyan ƙusoshi biyu da babu komai a jikinsu. Shagon yana kallon kasuwa, gidan yana bayansa, duk wanda ya shigo gari daga tasha nan idonsa yake fara sauka. 'Yan takara sun sha zuwa lokacin zaɓe suna roƙon wurin, yana ce musu yana da mai shi. Ranar da ya kai 'yarsa Jenalyn aji ɗaya ya dawo ya kafa su, kuma babu wanda bai san wa suke jira ba.

Neneng muke kiranta. Ita kaɗai Allah ya bar musu cikin uku. A ƙarƙashin teburin shagon ta koyi karatu, daga sunayen 'ya'yan mutane, kuma tun daga aji ɗaya ba ta taɓa bari wani ya shiga gabanta ba. Yarinya ce marar hayaniya, mai cin farce in tana tunani. Ko tana son aikin jinya? Babu wanda ya tambaye ta. A garinmu ba a tambayar yarinya mai kai abin da take so, nas ake mayar da ita, don nas ce ke samun hanyar ƙasar waje ta ɗora wa gida bene. Nang Pacing ta soya ayaba a ƙofar makarantar firamare har gashin hannunta ya ƙone ya daina fitowa, Nong Teryo ya buga fuskar kowane ɗan siyasa har da waɗanda ya tsana, Neneng ta gama makarantar jinya a Iloilo. Saura abu ɗaya, jarrabawar lasisi da duk ƙasar Filifin ke rubutawa lokaci guda, wadda in ba ka ci ta ba, duk karatunka bai ba ka ikon ɗaura wa kowa bandeji a asibiti ba.

Ta rubuta, ta zauna a birnin tana taya wani mai kantin magani aiki kafin sakamako ya fito. Shi kuwa Nong Teryo zama ya gagare shi. Ya ɗauki hoton da ta yi da fararen kaya da 'yar hular nas, ya buga tamfol ɗin da garinmu bai taɓa ganin irinsa ba, faɗinsa faɗin shagon. Wannan karon bai gyara komai a fuskar ba, ya ce babu abin gyarawa. A ƙasa ya rubuta da jan harafi mai bakin zinariya: JENALYN GALLENERO, NAS MAI LASISI.

Nang Pacing ta shigo ta gani, ta dafe ƙirji.

"Teryo, kai wane irin mutum ne? Sakamako bai fito ba."

"Ai ba ratayawa na yi ba. Don kada aiki ya yi mini yawa ranar."

"Naɗe shi. Naɗe shi ka tura ƙarƙashin gado, kada in ƙara ganinsa sai na ji daga bakin yarinyar."

Ya naɗe, ya tura. Da abin ya tsaya nan, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Sai bikin waliyyin garinmu ya faɗo ana saura 'yan kwanaki sakamako ya fito. Lokacin ne duk wanda ke Manila ko ƙasar waje yake dawowa, kowane gida ya wanke tamfol ɗinsa ya ƙara ɗaure shi, don a san abin da aka haifa. Tsallaken shagon gidan Nong Berting ne, mai keken haya mai ƙafa uku, aminin Teryo tun suna yawo tsirara a bakin teku. Shi ne uban baftismar Neneng, shi ya sa suke kiran juna Pre, yadda uba da uban baftisma ke kiran juna a wurinmu. Ɗan Berting ya ci jarrabawar aikin jirgin ruwa a shekarar, Teryo da kansa ya rataya masa. Da yammacin jajibirin biki suka zauna a benci da galan ɗin bammin kwakwa, tare da wasu 'yan gari da suka dawo daga Manila suna ta ƙamshin turare.

"Pre," in ji Berting, yana nuna ƙusoshin da haɓa, "waɗannan kuwa ba don shanyar wando ka kafa su ba?"

Aka kwashe da dariya.

"Yi ta surutu," in ji Teryo. "Ɗanka da sai da ya maimaita aji biyar."

"Ya maimaita, amma ga shi can yana kallonka da farar hula. Kai kuwa ka rataye 'ya'yan gari kaf, ƙofarka ƙwal kamar kan Fada."

Wani daga cikin baƙin ya sa baki. "Nong, ai na ji yarinyar ba ta taɓa zuwa ta biyu ba. Me ake jira?"

"Sanarwa kawai ake jira."

"To sanarwa ce za ta ci biki ko mu?" in ji Berting.

Ba mugunta Berting yake yi ba, wasan da suka tsufa suna yi ne. Amma bammi ya riga ya hau, kuma mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawa tsani don 'ya'yan wasu. Ya tashi ya shiga gida ya jawo naɗin daga ƙarƙashin gado. Berting ne ma ya riƙe masa tsanin. Da tamfol ɗin ya warware ya rufe goshin shagon, kasuwa ta ɗauki shewa da tafi. Nong Teryo ya ja da baya ya karanta da ƙarfi. Ban taɓa ganin ɗan Adam cikin farin ciki irin nasa na wannan yammacin ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan in na tuna.

Nang Pacing ta dawo daga coci da kyandir a hannu, ta tsaya cak a tsakiyar titi.

"Sauke shi."

"Pacing, mutane suna kallo."

"Shi ya sa na ce ka sauke."

"In na sauke yanzu ai cewa za a yi ta faɗi. Kwana nawa ne ya rage? Ki bar ni in ji abin da kowa yake ji, ko sau ɗaya ne."

Ta wuce ciki. Washegari aka gasa alade guda a ƙofar shagon, rabin gari ya ci, kowa ya tsaya a ƙarƙashin fuskar Neneng ya ɗauki hoto ya watsa a waya. Kafin tsakar rana hotunan sun isa Iloilo. Neneng ta kira uwarta tana kuka. "Nay, don Allah ki ce wa Tatay ya sauke. Takarda ta biyu ta yi mini wuya, ban ma gama ba. Ki ce masa ya sauke." Nang Pacing ta faɗa masa yadda aka faɗa mata, ba ragi. Ya yi dariya ya ce kunya ce irin ta yara masu ƙoƙari, kullum haka take cewa, kullum kuma ta ɗaya take zuwa.

Sakamako ya fito. Babu sunanta.

Ba wanda ya zo ya faɗa masa, daga gaisuwa ya gane. Mu mutane ne masu ladabi, ba ma yi wa mutum dariya a fuska. Sai dai mu gaishe shi a hankali kamar marar lafiya, mu sunkuyar da kai in za mu wuce shagonsa, mu jira sai mun sha kwana. Da tsakar rana, kasuwa na ci, ya jingina tsani ya hau, babu mai riƙe masa. Ya naɗe tamfol ɗin da fuskar a ciki. Pacing ta ce ya ƙone shi, ya ce ba a ƙona fuskar mai rai. Ita ma ta san haka. Naɗin ya koma ƙarƙashin gado.

Neneng ba ta dawo gida ba. Daga Iloilo ta hau jirgin ruwa zuwa Manila, ta ce wa uwarta za ta zo in ta samu lasisin. Ta sake rubutawa a shekara ta gaba, ba ta ci ba. Ta samu aiki a irin kamfanonin nan da ake zama da abin sauraro a kunne ana amsa wayar mutanen Amurka masu ƙorafi, ana aiki lokacin da kowa ke barci. Duk Lahadi bayan an taso daga coci takan kira wayar uwarta. Nong Teryo yakan samu abin yi kusa da wurin, ko gyaran fankar da ba ta lalace ba, ko neman almakashin da ke aljihunsa. Pacing ta ce, "Ga Tatay ɗinki nan." Neneng ta ce mata, "Ki gaishe shi, Nay, barci nake ji."

Sau ɗaya ta yarda aka miƙa masa wayar. Ya karɓa da hannu biyu. Yana da magana cike da ciki, ya sha bitarta a gaban inji: ta dawo ko da lasisi ko babu, ɗakinta yana nan, shi ne ya yi wauta ba ita ba. Da ya ji numfashinta a kunnensa sai duk suka gudu, abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Neng, yaushe ne jarrabawa ta gaba?"

Sai ta ce, "Ba Nanay wayar, Tay."

Ranar Pacing ta yi masa tas. "Kai nas kake jira, ni 'yata nake jira. Ka bar mini wayata tun da ba ka iya magana ba sai da fenti."

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Duk Kirsimeti kwali yakan iso daga Manila, da maganin hawan jini na uwar, da riga mai aljihu ta uban, daidai jikinsa, ba ta taɓa kuskure ba. Yakan sa rigar ya je coci. In abokan ciniki suka tambayi Neneng, ya ce tana Manila tana shiri. Ya ci gaba da hawa tsani don 'ya'yan mutane, amma ya daina ja da baya ya karanta. Berting ya bar zolayarsa gaba ɗaya, sai dai ya kawo kifi ya ajiye a ƙofa ba magana, kuma wannan ya fi zolayar ciwo. Ƙusoshin suka yi tsatsa, ruwan sama ya ja jan layi biyu a ƙasansu.

Wata safiya Nang Pacing ta yanke jiki ta faɗi a gaban kaskon ayabarta. Kafin Berting ya kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Nong Teryo ya buga tamfol ɗin makokinta da hannunsa, yadda ake yi wa kowa, fuskarta a cikin gajimare. Hoton kirki ɗaya gare ta, wanda aka yi ranar da Neneng ta gama makaranta. Ya yanke 'yar daga gefe, amma hannunta ya rage a kafaɗar uwar, ya bar shi. Da wayar marigayiyar ya kira Manila. Neneng ta ce gobe tana hanya.

Tun da safe ya sa Berting ya kai shi tasha, suka zauna jiran motar Iloilo. Suna can hadari ya haɗu. A gida kuwa akwatin gawa yana falo, masu zaman makoki suna tsakar gida suna karta da shan kofi yadda aka saba, rumfar da mai unguwa ya aiko ba ta ɗauki rabinsu ba. Ruwa ya tsuge. Aka ce wa samari su nemo tamfol, ai gidan mai tamfol ne. Suka shiga ɗaki suka ga naɗi a ƙarƙashin gado, babba, mai kauri, kamar sabo. Lokacin wancan bikin ko makaranta wasunsu ba su shiga ba, ina suka san labari? Suka ɗaure shi daga rufin gida zuwa bishiyar gwaiba, farin bayan a sama don kada ruwa ya ɓata hoton. Kafin tsofaffin matan su ɗaga kai su gane abin da aka yi, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, babu mai ƙarfin halin cewa a kwance.

Neneng ta sauko daga mota da 'yar jaka ɗaya. Ta rage gashi, ta sa tabarau, ta ɗan yi jiki, tafiyarta ta koma ta uwarta sak. Ta kama hannun ubanta ta kai goshinta yadda muke gaida manya, ta yi wa uban baftismarta haka nan.

"Tay. Maninoy."

"Kin ci abinci?" in ji Teryo.

"Na ci a hanya."

Iyakar abin da suka ce ke nan har gida. Amma a cikin keken, da labulen leda a sauke, kafaɗarta tana jingine da tasa, shi kuma ya ƙi motsi don kada ta janye. Matarsa tana kwance a akwati, amma Allah ya sani, a 'yar tafiyar nan akwai wani abu a ƙirjinsa mai kama da murna. Ta dawo.

Suna shiga tsakar gida karta ta tsaya. Neneng ta ga kowa yana kallon ƙasa, sai ita ta kalli sama. Ga ta nan da ƙuruciyarta, da hular nas, tana yi wa mutanen gari murmushi daga bisa, ruwa ya taru a tsakiya ya kumburo mata kumatu, jan harafin nan mai bakin zinariya ko kaɗan bai koɗe ba. A ƙarƙashi kuma mutanen da suka ci aladen nan ne dai, sun ɗan tsufa, kowa da kofinsa a hannu.

Wani sauti ya fita daga maƙogwaron Nong Teryo. Ya fizgi wuƙar fasa kwakwa daga kan tebur, ya taka kujera zai yanke igiya. Ta riƙo gefen rigarsa, rigar da ita ta aiko.

"Bar shi, Tay."

"Neng, ban sani ba, na rantse da gawar uwarki ban..."

"Na sani. Bar shi, mutane za su jiƙe." Ta sake ɗaga kai. "Ko ba komai, yau ya yi wa wani amfani."

Ta wuce ta ƙarƙashinsa, kai a miƙe, ta shiga wurin uwarta. Sai a lokacin aka ji kukanta. Shi kuwa yana tsaye a kan kujera da wuƙa a hannu har Berting ya zo ya sauko da shi. Ruwan bai ɗauke ba sai da aka kwana biyu, kuma duk tsawon lokacin ita ce ke zagawa da butar kofi a ƙarƙashin fuskarta, tana zuba wa baƙi, tana amsa gaisuwa.

Washegarin jana'iza ta same shi a shago da safe, jakarta a rataye. Ta zauna a kan teburin da ta koyi karatu a ƙarƙashinsa.

"Tay, na daina rubuta jarrabawar nan tuntuni. Ba zan sake ba. Ganin jini ma amai yake sa ni, tun ina makaranta."

"To... me kike yi yanzu?"

"Shekara nawa ina aikin, sai yau ka tambaya." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Ni ce shugabar sashenmu. Mutum sittin ne a ƙarƙashina, ni nake koyar da sababbi. Na sayi ɗan gida, ƙarami, can sama, ana hango teku in babu hayaƙi. Na so Nanay ta gani."

"Pacing ta sani?"

"Ta sani. Ta ce ta faɗa maka, ka ce to amma lasisin fa."

Ya tuna. Ta faɗa masa yana cin abinci, kuma haka ya ce. Ya kalli 'yarsa. Mutum sittin, gida a Manila. Wani abu ya taso masa daga ciki ya haske masa fuska, kafin ya ankara hannunsa ya kai kan kwamfuta.

"Ai wannan abin bugawa ne, Neng! Me ake kiran muƙamin? Faɗa mini yadda ake rubuta shi. Kina da hoto na yanzu? Na rantse sai garin nan ya..."

Ya ga idonta, ya tsaya.

Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi. Kallon tausayi ta yi masa, irin wanda ake yi wa mai ciwon da ba ya jin magani.

"Tay, abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka ƙara buga fuskata. Ko na mutu."

Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Bawan Allahn nan ba shi da wata hanyar nuna wa 'yarsa ta kai sai wannan, ita kaɗai ya koya tun yana yaro, kuma ita ce ta kore masa 'ya. Ya ce, "Na cuce ki, Neng." Maganar ta fito, sai dai ta makara.

"Ban ƙi ka ba, Tay. Garin ne ba na iya takawa. Duk wanda na kalla sai in ga maiƙon aladen nan a bakinsa."

Ta kai hannunsa goshinta. Berting ya kai ta tasha.

Ranar Lahadi bayan coci ya zauna da wayar Pacing a kan gwiwa, bai san ko za ta yi ƙara ba yanzu da mai ita ba ta nan. Ta yi. Ya tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta ci. Ya tambaye ta mutanenta na wurin aiki, ta ba shi labarin wani da barci ya kwashe yana tsakar rarrashin Ba'amurke, har ya yi dariya. Da hira ta zo ƙarshe ya ce mata, a hankali, bikin gari ya kusa.

"Ba bana ba, Tay."

"To. Ba komai."

Da ya ajiye wayar ya ɗauki guduma, ya tsallaka ya kira Berting ya riƙe masa tsani. Ƙusa ta farko ta fito da ƙyar. Ta biyu tsatsa ta cinye ta, ta karye a cikin katako, sai da ya yi ta haƙa kafin ya ciro ragowar. Ya cike ramukan, ya ɗauko buroshin da ya daɗe bai taɓa ba, ya shafe jan layukan nan biyu da farin fenti.

Berting ya ciro waya. "Pre, in ɗauka in tura mata?"

"A'a. Hoto ya isa haka. In ta zo za ta gani da idonta."

Biki uku ya wuce tun ranar. Tana kira duk Lahadi, kwali yana zuwa duk Kirsimeti, bai taɓa ce mata ya cire ƙusoshin ba. Naɗin yana nan ƙarƙashin gado. Gwiwa ta hana shi hawa tsani yanzu, sai ya zauna a benci a ƙofar shago, da riga mai aljihu a jikinsa. Duk keken da ya shigo daga tasha sai ya ɗaga kai ya leƙa wanda ke ciki, ya bi shi da ido har ya wuce.